Gani ya kori ji: a bar yara su zana lissafi

Yarinya ƴar shekara bakwai da ke tallar ƙosai a bakin kasuwar Maraɗi ba ta kuskuren canji. A ba ta dala ashirin a sayi na dala sha biyu, nan take za ta mayar da dala takwas. Amma gobe da safe, a ajin CI, in aka rubuta mata 20 – 12 a allo, sai ta tsaya tana kallon mushe. Ranar da aka raba sakamako kuwa a ce ba ta da ƙwaƙwalwar lissafi. Wannan hukunci zalunci ne, kuma laifin yana wuyan hanyar koyarwa.

A kasuwa yarinyar tana ganin ƙosai, tana taɓa kuɗi. A lakwal an raba ta da abin gani, an ɗora mata kaya biyu lokaci guda: baƙon harshe da baƙuwar alama. Kwabon da ta sani da sunan dala goma, 50 ne a rubuce a jikinsa, kuma ana son ta kira shi da Faransanci. Ba abin da ke haɗa mata waɗannan sunaye in ba zane ba: malam ya zana kwabon hamsin, ya jera ƙananan dala goma a ƙarƙashinsa, magana ta ƙare.

Duk da haka akwai malamai da masu duba makarantu da ke ɗaukar zane wasan yara da ɓata lokaci. A ganinsu aji mai kyau shi ne wanda ke rera jadawalin sau da murya ɗaya har a ji shi daga bakin titi. To, ga abin da rerawar ta haifar: binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi ba su cika ɗaya cikin goma ba.

Tun 1966 masani Jerome Bruner na Amurka ya bayyana cewa yaro kan fara fahimta da abin da ya riƙe a hannu, sannan da siffarsa, daga baya da alama. Singafo ta gina lissafin firamarenta a kan zanen sanduna tun shekarun 1980, kuma ɗalibanta sun sha zuwa kan gaba a gwaje-gwajen duniya. Wanda ya tsallake matakin tsakiya ya cire wa tsani ƙafa ne, sannan ya zargi yaro da kasa hawa.

Masu musu suna cewa babu kuɗin littattafai masu hotuna. Wa ya ce sai littafi? Awaki 12, an kai 5 kasuwa: a zana da'ira 12, a soke 5, yaro ya ƙidaya saura. Mangwaro 12 tsakanin yara 3: a zana kwano uku a raba ɗaya bayan ɗaya. Gidan dara da dattawa ke tonawa a rairayi, layi 5 kowanne da rami 6, shi ne 5 sau 6 a zane. Alli da ƙasa sun isa. Hasali ma, damin gero da malam ya zana da hannunsa ya fi hoton tuffa da yaron karkara bai taɓa gani ba.

Suna kuma cewa yaro zai saba da zane ya kasa rabuwa da shi. Wanda ya koyi tafiya ba ya komawa rarrafe. Ranar da yaro ya gaji da zana da'ira arba'in, da kansa zai nemi lamba, domin ya gane amfaninta.

Ƙasar da ta buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma dokarta ta ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan gida, ba ta da hujjar barin yara suna haddar abin da ba su gani ba. Ya kamata makarantun horar da malamai su koya wa kowane ɗalibinsu zana lissafi a allo, masu duba makarantu kuma su riƙa tambayar yaro ya nuna yadda ya samu amsa kafin su yaba wa aji.