Kafofin Bonet: A Tare Ruwa, A Bar Iska Ta Wuce

A kan murfin injin motocin da aka ƙera domin gudu, wato bonet, akan ga kafofi ko tsagu da aka rufe da raga, kuma masu irin waɗannan motoci a Amurka da Turai da Japan sun daɗe suna jayayya a kan ko ya dace a toshe su, tunda ruwan sama da dusar ƙanƙara da busassun ganyaye suna bi ta nan su sauka a kan inji. Masu son toshewa suna da hujja, sai dai sun tsallake tambayar da ya kamata a fara yi, wato wane aiki aka ɗora wa kafar, kuma iska shiga take yi ta cikinta ko fita.

Lagireto ba ya sanyaya ruwan inji sai iska ta ratsa shi, iska kuwa ba ta ratsawa sai matsin da ke gabansa ya fi na bayansa. Idan mota ta ɗauki gudu, iska takan yi ta kwarara ta hancinta, to idan ba ta sami mafita ba sai ta cunkushe a ƙarƙashin bonet ta hana sabuwa shigowa, kamar ɗaki mai ƙofa ba taga, wanda ko an wangale ƙofar ba ya shan iska. A saman bonet kuwa, kaɗan bayan hancin mota, iskar waje tana wucewa da sauri, matsinta ya ragu, don haka kafar da aka huda a daidai wurin takan zuƙo zafi waje. A kan wannan ne kamfanin Chevrolet ya karkatar da lagireton Corvette ta 2014 zuwa gaba, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da ta ratsa shi ya fita ta saman bonet maimakon ya bi ta ƙarƙashin mota. Amfanin bai tsaya ga sanyi ba, domin iskar da ta taru a ƙasa ɗaga gaban mota take yi, tayoyi su rage kama kwalta, sitiyari ya yi sakwako a lokacin da direba ya fi bukatarsa.

Lamarin ya fi tsanani ga inji mai turbo, wato na'urar da hayaƙin inji yake juyawa domin ta tura ƙarin iska cikinsa, wadda hayaƙin da ke bi ta cikinta kan haura digiri 800 idan an matsa wa mota. A Mitsubishi Lancer Evolution ta takwas da ta tara, kafar tana zaune ne a saman bututun hayaƙi da turbo, kuma duk wanda ya tsaya gaban motar bayan ta sha gudu zai ga iska tana rawa a bisa ragar kamar a kan bakin tanderu. Idan aka toshe, wannan zafin ba ɓacewa zai yi ba, komawa zai yi kan wayoyi da robobi da tiyo, ya gasa su sannu a hankali har su bushe su tsage. Subaru Impreza WRX kuwa, wadda ta fito a 1992, tata kafar ta shiga ce: tana kamfatar iska ta zuba a kan na'urar da ke sanyaya iskar turbo, wadda aka ɗora a saman inji. Wanda ya toshe ta ya sa injinsa shaƙar iska mai zafi, kwamfutar mota kuma ta rage masa ƙarfi domin kare injin, sai ya koma wurin bakanike yana ƙorafin mota ba ta ja.

Batun ruwa gaskiya ne, amma an zuzuta shi. An ƙera inji ne da sanin zai jiƙe, domin duk motar da ta bi cikin ruwan sama tana shan feshi ta hanci da ta ƙasa. Abin tsoro shi ne ruwan da ke ɗiga a wuri ɗaya kwana da kwanaki, ya taru a ramin fulogi ko ya jiƙa matatar iska wadda aka cire wa akwatinta, ko kuma tiyo mai ƙarfin feshi da mai wankin mota zai saita a kan raga. Kamfanin Ford ya nuna yadda ake raba gardamar a Mustang Shelby GT500 ta 2020, mai ƙarfin doki 760, inda ya sanya farantin alminiyum a ƙarƙashin babbar kafarta domin tare ruwa, ya kuma yi shi yadda za a iya kwance shi ranar da za a shiga filin tsere.

Akwai kuma kafofin ado, irin na Toyota Supra ta 2019, waɗanda a toshe suka fito daga masana'anta; waɗannan ba a magana a kansu, in ban da cewa mai huda su da kansa ya fara sanin inda iskar za ta bi.

Shawarar toshewa ta taso ne daga ƙasashen da mota ke kwana a cikin dusar ƙanƙara, kuma ba ta dace da wanda ya shigo da Mustang ko Camaro zuwa Abuja ko Kano ko Yamai ba, inda zafin bazara kan kai digiri 40 a wasu wuraren, cunkoson hanya kuma ya bar fanka ita kaɗai da aikin sanyaya inji. Ƙurar hunturu ma ba hujja ba ce, tunda ta hancin mota ta fi shiga. Kafar da masana'anta ta huda a bar ta a buɗe, a sa mata faranti da damina, motar kuma a lulluɓe ta idan za ta daɗe a ajiye.