Ra'ayinmu: Kuɗin bidanji ba asara ba ne

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, ya san abin da ido ke gani a gefen hanya: mota cike da kaya, an ɗaga murfin inji, fasinjoji sun fake a ƙarƙashin itace. Direba zai ce tsautsayi ne. To amma ƴar kasuwar da tumatirinta ya kwana biyu cikin rana, ko mai albasar Galmi da ranar kasuwa ta wuce shi, su ne ke biyan kuɗin wannan tsautsayi. Sau da yawa kuwa asalinsa bidanji ne da aka yi ta ɗagawa.

Mun san dalili. Wakilan kamfunan motoci suna Yamai, aikinsu da tsada, domin mai mota na biyan ladar ma'aikata, kayan asali da ɗawainiyar gida. Wanda ya sayi sabuwar mota mai garanti, dole ya kai ta can, in ba haka ba garantin na iya faɗuwa. Amma galibin motocinmu tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai kafin su iso mana. Tsadar kamfani ba hujja ba ce ta barinsu babu kulawa, tunda abin da suke buƙata kullum bai fi ƙarfin mai su ba.

Aikin baƙin mai shi ne hana ƙarfe cin ƙarfe, da rage zafi, da kwashe dauɗa. A ƙasarmu, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga lodi fiye da ƙima, mai yana saurin gajiya. Masu ƙera motoci da kansu sun ce a irin wannan yanayi a rage tazarar canji. Ga tsohuwar mota, kilomita 5.000 ko wata 6 ma'auni ne mai kyau. Babur kuwa ya fi haka gaggawa.

Aikin kansa ba asiri ba ne. A ɗumama inji kaɗan, a kashe shi a wuri mai daidai, a kwance notin ƙasa mai ya tsiyaye cikin kwano, a canja filtar mai, a ɗaure, a zuba sabo. Ƙaramar mota takan sha wajen lita 4. Sai a zaro sandar awo a ga ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Babban haɗarin yana wurin saye. Man da ake aunawa cikin kwalba a bakin titi, ba mai iya rantsuwa a kan asalinsa. Araha ba ta ado. A nemi galan mai hatimi, a duba lambar da ke jikinsa, kamar 15W-40 ko 20W-50, ta dace da abin da littafin motar ya ce. Wanda ba zai iya yi da hannunsa ba, ya sayi man da kansa, ya tsaya a gareji a buɗe galan a gabansa.

Sauran ruwayen ma suna da haƙƙi. Ruwan rijiya a tankin sanyaya inji yana barin gishiri da tsatsa har hanyoyi su toshe. Akwai ruwan da aka yi domin haka. Kada a buɗe murfinsa inji na da zafi. Man burki yana jan laima, shi ya sa ake so a sabunta shi duk shekara 2. Shi da man giyar otomatik, a bar wa gwanin makaniki, domin kuskure a burki rai yake ci.

Muna kira musamman ga iyayenmu mata da suka tara kuɗin adashi suka sayi kabu-kabu ko adaidaita suka ba yaro. Kada lissafinku ya tsaya ga kuɗin da yake kawowa da yamma. Ku ajiye ɗan littafi, a rubuta rana da kilomitan kowane bidanji, ku ware kuɗinsa tun daga ribar mako. Shugabannin tasha su ma su riƙa tambayar direbobi wannan littafi kafin lodi.

Tsohon man kuma kada a zubar da shi a ƙasa ko a magudana, guba ne ga ruwan da muke sha. A tara shi cikin galan a rufe.

Ɗan kasuwa ya san bambancin riba da uwar kuɗi. Wanda ya ci kuɗin bidanji, uwar kuɗinsa ya fara ci. Allah ya kai kowa kasuwa lafiya, ya maido shi gida lafiya.