Kwamitocin Ɗakunan Taro: Aikinku Ya Wuce Karɓar Kuɗin Haya

A yawancin unguwanninmu akwai ɗakin taron da jama'a suka gina da karo-karo, ko wani mai hali ya gina ya miƙa wa al'umma. Da safe a koya wa mata ɗinki a ciki, da la'asar 'yan Islamiyya su cika shi, ranar Asabar a yi kamu ko walima, in azumi ya zo a yi rabon shinkafa. Ni sakatare ne a kwamitin irin wannan ɗaki a Kano, na kuma san abin da ke cinye zaman kwamiti: kuɗin haya, man janareta, kujerun da suka karye. Da wuya ka ji an tambaya ko ƙofar baya tana buɗuwa, ko wa ke tare da yara idan magariba ta kawo jiki.

A ganina, duk wanda ya karɓi mabuɗin ɗakin taro ya karɓi amanar rayukan da ke shiga cikinsa. Cewa "mu haya kawai muka bayar" ba ta wanke kowa.

A tuna da Ibadan. Ranar 18 ga Disamba, 2024, yara 35 suka mutu a turmutsitsi a harabar wata makarantar sakandare da ke Bashorun, wajen bikin da aka yi alkawarin raba wa yara kuɗi da abinci. Da 'yan sanda suka tashi kame, ba masu shirya bikin kaɗai suka kama ba, har da shugaban makarantar da aka yi taron a cikinta. Bayan kwana uku aka sake rasa mutane wajen rabon abinci a Maitama ta Abuja da Okija ta jihar Anambra. Dukkansu da niyyar taimako aka shirya su. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce wurin nan mutum kaza yake ɗauka, ga mashiga, ga mafita.

Akwai kuma cutar da ba ta yin ƙara. Mutum ya zo da fara'a ya ce zai koyar da yara lokacin hutu, ya biya haya, a miƙa masa mabuɗi, ba wanda ya san daga ina yake ko me ya raba shi da inda ya baro. Idan wata uwa ta kawo ƙorafi, sai dattawa su taru a zaure su ce a rufa asiri, kada sunan unguwa ya ɓaci. Asirin wa aka rufa? Yarinyar ta daina zuwa, shi kuwa ya koma wata unguwar da mutuncinsa. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Kano ma ta sa hannu a kan tata a 2023. Cin zarafin yaro laifi ne na 'yan sanda da kotu, ba na sasanci a zaure ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce: sa-kai muke yi, ko sisi ba a biyanmu, ina za mu kai wannan nauyi? Gaskiya ne. Amma abin da ake buƙata bai kai kuɗin fentin da muke yi duk shekara ba.

A rubuta yawan mutanen da ɗakin ke ɗauka a manna a bango, a kuma tsaya a kai ko bikin ɗan shugaban kwamiti ne. A cire kwaɗon ƙofar baya muddin akwai mutane a ciki. Janareta da jarkar fetur su zauna a waje, a rataye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. Rabon kaya a yi shi da kati, rukuni-rukuni, bayan an sanar da 'yan sandan yankin. Wanda zai koyar da yara ya kawo shaidar mai unguwarsa da ta inda ya taɓa aiki, kuma kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a bayan ƙofa, ko wane ne shi. Banɗakin mata daban, da fitila da sakata. Sannan a sa mata a kwamiti, a ware ɗaya da kowa ya san ita ake kai wa ƙorafi, domin abin da yarinya za ta faɗa wa Inna ko Anti ba za ta taɓa faɗa wa Alhaji ba.

Malamin kirki ba zai ji haushin waɗannan sharuɗɗa ba, don shi ma suna kare shi daga zargi. Wanda ya ƙi su, ya nemi wani wurin.

Iyaye, kafin ku sake tura yaranku ɗakin taro, ku nemi ɗan kwamiti ku tambaye shi wa ke kula da su. Mu kuma 'yan kwamiti, a zama na gaba mu fara da wannan magana kafin a buɗe littafin kuɗi.