Wa Ke Da Ikon Tuhumar Shugabannin Ƙwallo?

Yawancin ƙungiyoyin wasanni, manya da ƙanana, ana yi musu rajista ne a matsayin ƙungiyoyin da ba don neman riba aka kafa su ba, watau babu mai hannun jari da zai zo ƙarshen shekara ya nemi rabonsa. To, da yake babu mai jarin da zai sa ido a kan dukiyarsa, dokar da aka yi wa ƙungiya rajista a ƙarƙashinta ita ce ke faɗin wanda zai tambayi shugabanni inda kuɗi suka shiga, da wanda zai iya tuɓe su. Abin da ya sami Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, watau FIFA, da abin da ya sami hukumar ƙwallo ta Nijeriya, sun isa misali.

An kafa FIFA a birnin Faris cikin 1904, ta mayar da hedkwatarta Zurik ta ƙasar Siwizalan cikin 1932. Tana ƙarƙashin sashe na 60 na dokar mu'amalar jama'a ta ƙasar, sashen da ko 'yan wasan ƙauye shi za su bi in suna son kafa tasu ƙungiya. Dokar ta bar wa mambobi kusan dukkan ikon tsara yadda za su mulki kansu. Amma FIFA ta daɗe da wuce ƙungiyar ƙauye. Tana da mambobi 211, kuma tsakanin 2019 da 2022 ta sami kuɗin shiga fiye da dala miliyan dubu 7, galibinsu daga Gasar Cin Kofin Duniya.

Kafin 2016, in aka ci hanci tsakanin mutanen da ba ma'aikatan gwamnati ba, hukumomin Siwizalan ba su bin sawu sai wanda aka cuta ya kai kuka. Wa zai kai kukan, alhali masu jefa ƙuri'a su ne masu karɓar kuɗin raya ƙwallo daga hannun wanda suke zaɓa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar Laraba 27 ga watan Mayu, 2015, 'yan sanda suka kama manyan jami'an ƙwallo 7 a wani otal na Zurik, bisa roƙon gwamnatin Amurka. Sepp Blatter, wanda ke shugabanci tun 1998, ya sake cin zaɓe bayan kwana 2, amma ran 2 ga watan Yuni ya ba da sanarwar zai sauka. Cikin Fabrairu 2016 FIFA ta ƙayyade wa shugabanta wa'adi uku na shekara hurhuɗu, ta kuma yarda a riƙa bayyana albashin manyanta. Daga Yulin wannan shekara Siwizalan ta gyara dokarta yadda za a tuhumi irin wannan cin hanci ko ba a kai ƙara ba.

A nan Nijeriya kuwa matsalar ta ɓullo ta wata fuska dabam, gama hannun hukuma ne ya yi yawa. Dokar soja mai lamba 101 ta 1992 ta sa hukumar ƙwallo ta zama wani reshe na gwamnati, alhali ƙa'idar FIFA ta ce kowace mamba ta tafiyar da al'amuranta ba tare da shisshigi ba. Cikin Yuli 2014 wata kotu a Jos ta dakatar da shugabannin hukumar ƙarƙashin Alhaji Aminu Maigari, Ministan Wasanni kuma ya naɗa wani ma'aikacin gwamnati ya riƙe ta. Ran 9 ga wata FIFA ta dakatar da Nijeriya, ba ta janye ba sai ran 18, bayan an mayar da shugabannin. Da takunkumin ya ɗore, da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 20 ba su je Kanada ba, gasar da suka kai wasan ƙarshe cikin watan Agusta.

Ƙananan ƙungiyoyi ma suna da tasu dokar. Cikin Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta shafi ƙungiyoyin addini da na agaji da na wasanni masu rajistar amintattu. Sashe na 839 ya buɗe hanyar dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa mata mai riƙo, wani sashen kuma ya wajabta miƙa wa Hukumar Rajistar Kamfanoni bayanin halin da ƙungiya ke ciki sau 2 a shekara. Jama'a suka yi ca a kan sashe na 839. Cikin 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin soke shi, tare da waɗansu sassa har da na ba da lissafi.

Kuskuren da aka yi shi ne ɗaure abu biyu da igiya ɗaya. Ikon tilasta wa shugabanni su fito da lissafi daban, ikon tuɓe su a naɗa wani daban. Na farko haƙƙin hukuma ne, musamman ga ƙungiyar da ke cin kuɗin baitulmali, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu kuwa na mambobi ne a babban taronsu.

Saboda haka ya kamata Majalisar Tarayya, duk ranar da ta waiwayi waɗannan dokoki, ta wajabta wa kowace ƙungiyar wasanni buga lissafinta kowace shekara bayan masu binciken kuɗi na waje sun duba, ta ƙayyade wa'adin shugabanni, ta kuma ba mambobi ikon kiran taron gaggawa. Kafin nan, Ma'aikatun Wasanni na Jihohi suna iya soma aiki tun yau: duk ƙungiyar da ba ta kawo lissafin bara ba, kada a ba ta kuɗin bana.