Digiri Da Tiya: Wa Zai Riƙe Wa Manomin Agye Lissafi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Cadawa ko ta Gazawa a lokacin kaka ya san yadda abin yake. Amalanke na shigowa da aya da wake da gujiya da riɗi, ƴan awo na zaune da tiya a hannu, manyan motoci kuwa na jira su yi kudu, su bi ta Ɗan Isa da Jibiya har kasuwar Dawanau ta Kano. Manomi ya sayar da arha domin bashi da biki da lanho sun taru a kansa. In bazara ta yi, iri ya ƙare, rumbu ya yi ƙasa, sai ya dawo kasuwar nan ya sayi abin da ya sayar, da tsada. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba su jahilci noma ba. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ne aka raya sassaben zamani, wato barin tohon itace ya tashi cikin gona, har baƙi daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa koyo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai riƙe lissafi tsakanin masussuka da kasuwa: wanda ya san nawa buhu ya ci kafin a ɗaure bakinsa, da yaushe ya kamata a saki kaya, da abin da za a rubuta a takarda kafin a ba dillali amana. Wannan aiki ne na ilimin tafiyar da kasuwanci da masana'antun karkara, kuma jami'a ce ta dace ta ɗauke shi, muddin ba za ta koyar da shi yadda aka saba ba.

Tarihi ya isa shaida. A shekarar 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA domin sayen gujiya, ta kuma kafa UNCC domin rance da ƙungiyoyin gama-kai. A wancan lokaci Maraɗi na da matatsar man gujiya ta SICONIGER, wadda aka kafa tun zamanin mulkin mallaka. An yi shekarun da gujiya ce ke riƙe da baitulmalin ƙasa, kafin farin 1973 da cutar da ta afka wa gujiya a 1975 su karya ta. Sai dai ba fari kaɗai ya yi ɓarnar ba. Ƙungiyoyin gama-kai na wancan zamani daga sama aka saukar da su, littafin kuɗinsu na hannun ma'aikacin da aka turo daga birni, cikin Faransancin da masu dukiyar ba sa karantawa. Manomi ya ɗauke su kayan gwamnati, bashinsu kuma bashin da ba dole a biya ba. Da aka rushe UNCC a shekarun 1980, ƙauyuka ƙalilan ne suka gaji mutum ɗaya da zai iya buɗe littafin ya ci gaba.

Bayan haka aka shiga zamanin furoje. Asusun FIDA ya zuba kuɗi a Agye tun farkon shekarun 1990, aka yi PDRAA, aka yi PPILDA, daga baya PASADEM da ProDAF suka faɗaɗa aikin zuwa sauran jihar. Ba za a yi musun alherinsu ba: an gina rumbunan tsimi, an gyara hanyoyi, an horar da manoma. Amma kowane furoje da akantansa yake zuwa, da shi kuma yake tafiya. A 2005, jihar da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa, alhali akwai hatsi a kasuwa; kuɗin sayensa ne babu a hannun wanda ya noma shi.

Yanzu dai ba a cewa babu makaranta. An kafa jami'ar Maraɗi a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da tsangayar aikin gona da muhalli. Jami'ar Tawa na da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Cibiyar binciken noma ta INRAN na nan a Tarna, kusa da garin Maraɗi. Abin tambaya shi ne, wane irin mutum ake so ya fito daga waɗannan azuzuwa? Idan yaron Tsibiri zai yi shekara uku yana haddace yadda ake tafiyar da kamfanin da ke da ma'aikata dubu a Turai, ya fito bai san tiya nawa ke cika buhu ba, bai san yadda ake canjin naira da sefa a bakin iyaka ba, to an ba shi takarda ne kawai ta neman aiki a Yamai. Aikin kuwa ba ya jiran kowa. Tun lokacin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 aka daina ɗaukar duk mai digiri aikin gwamnati kai tsaye, kuma ma'aikatan da suka ga watannin da albashi bai fito ba sun fi kowa sanin haka.

Ga misali ɗaya, na ƙiyasi kawai, irin wanda ya kamata a ɗora wa ɗalibi a shekararsa ta farko. Ƙungiyar mata ta sayi buhun aya jika 20 a kaka. Hayar mangaza da kuɗin buhu da dako sun ci jika 2. Ramewar kaya da ɓarnar ɓera sun ci jika 1. Ke nan buhu ya tsaya a jika 23. Da bazara wani ɗan kasuwa daga Katsina ya taya jika 26, amma da naira zai biya, bayan wata ɗaya. In naira ta faɗi da kashi 15 cikin ɗari kafin a canza, abin da zai shiga hannu bai wuce jika 22 da ƴan kai ba. Ribar da aka yi wa guɗa ta zama faɗuwa. Wannan ba tatsuniya ba ce ga wanda ya ga yadda naira ta zube bayan Yunin 2023, ko wanda kayansa suka maƙale lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko kuma lokacin takunkumin CEDEAO na 2023.

Ɗalibin da ya iya wannan lissafi yana da wurin aiki tun kafin ya gama. Tsarin warantaj, wato jinginar da amfanin gona a mangaza a karɓi rance har farashi ya tashi, ya shigo Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 ta hannun hukumar FAO, kuma inda ya ci tura galibi a kan rubutu da amana da lokacin sakin kuɗi ne. Buhun PICS mai ninki uku yana kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, amma sai an sami mai ƙididdige ko tsadarsa za ta fita. Dokar OHADA ta 2010 ta wajabta wa ƙungiyoyin gama-kai rajista da littafin kuɗi da taron shekara. Matan da ke matsar mai da yin ƙuli-ƙuli, da masu saƙar kaba a bakin Gulbin Kaba, da masu kiwon jar akuyar Maraɗi, duka masana'antu ne, ko da ba su da allo a ƙofa. Akwai kuma maganar riba, wadda ke hana ƴan kasuwa da yawa kusantar banki. Karatun da bai koya wa ɗalibi ƙiradi da cinikin salam kamar yadda yake koya masa ruwan banki ba, ya bar rabin kasuwar a waje.

Sai a dawo kan alhazan Maraɗi. Ba a raina iliminsu. Har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. Sun gina dukiya da amana da ubangida da bara, ba da digiri ba. Amma kowa ya san gidajen da suka watse da rasuwar maigida, domin lissafin duka a kansa yake, aka bar magada da rigima da ƴan bin bashi. Ɗan kasuwar da ya yarda ya ɗauki ɗalibi horon aiki na wata shida, ya bar shi ya ga littafi, kansa ya yi wa tanadi. Tsoronsu sananne ne: kada littafin ya kai kunnen masu karɓar haraji. Wannan tsoro kuwa hukuma ce kaɗai za ta iya cire shi, ta hanyar daina mayar da wanda ya yi rajista saniyar tatsa, ana barin wanda ya ɓuya yana walawa.

Ma'aikatan gwamnati su ma da nasu. Malamin gona da ke ɗaukar duk mai digirin kasuwanci kishiya, da shugaban ofis da ke ajiye gurbin horon aiki domin ɗan ƙanwarsa, su ne ke sa yaro ya gwammace zaman jiran furoje a inuwar bedi. Ƙananan hukumomin Cadawa da Gangara da Tsibiri na karɓar kuɗin kasuwa kowane mako. Daga ciki ana iya biyan mutum ɗaya mai riƙe wa ƙungiyoyi goma littafi, da sharaɗin ya karanta musu shi da Hausa, a bainar jama'a, sau biyu a shekara: bayan kaka, da kuma kafin shuka.

Tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da ya fara aiki, masu sayen aya da riɗi za su zo da kwangila a rubuce da ma'auni na kilo, su nemi wanda zai sa hannu a madadin ƙauye ashirin. Yaran da za su yi wannan aiki suna ajin bak a yau, a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kuma tsarin karatun da za a ba su yana kan teburin malaman jami'a da ma'aikatar ilimi mai zurfi.