Kanun Labarai Masu Harshen Damo

 Yau za mu duba wani tarko da yawancinmu muka taɓa faɗawa ba mu sani ba, wato kanun labarai na Turanci.

A ce mun ga an rubuta "Go-slow hits port". Mu a Najeriya, da mun ji go-slow sai mu hango cunkoson motoci. Amma a Ingila, ma'aikata ne suka rage saurin aiki da gangan don nuna fushinsu. Kalma ɗaya, labari biyu.

Haka kalmar table. A majalisar Birtaniya, da tamu ta Abuja, idan aka yi table ɗin ƙuduri, an gabatar da shi ne don a tattauna. A Amurka kuwa, ajiye shi aka yi gefe. Winston Churchill ya ba da labari a littafinsa na Yaƙin Duniya na Biyu cewa hafsoshin Birtaniya da na Amurka sun yi ta gardama kan wannan kalma, kafin su gano ashe abu ɗaya suke so.

Me ke jawo haka? Fili a saman jarida kaɗan ne, don haka edita kan zubar da ƙananan kalmomi irin su the da is, ya kuma ƙara wasa da kalma don jan hankali. Shi kuwa wasan, sai wanda ya san gidan yake gane shi. A Fabrairun 2000, ƙaramar ƙungiyar Inverness Caledonian Thistle ta lallasa Celtic da ci 3 da 1, sai jaridar The Sun ta rubuta "Super Caley go ballistic, Celtic are atrocious". Wanda bai san doguwar kalmar nan ta fim ɗin Mary Poppins na 1964 ba, zai yi ta sosa kai.

Akwai kuma na furuci. Mutumin Landan yana faɗin caught da court iri ɗaya, amma yawancin Amurkawa suna furta harafin r, don haka barkwancin ba ya zama a bakinsu.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu ma idan muka ga "gari" a rubuce, sai jimla ta nuna mana ko na zama ne ko na tuwo.

To, ina mafita? Mu fara duba ƙasar da jaridar ta fito. Mu nemo aikatau a cikin kan labarin. Mu karanta sakin layi na farko kafin mu tura wa kowa a WhatsApp, don kada mu yaɗa abin da ba a faɗa ba. Wannan ɗabi'a za ta taimake mu a tambayoyin auna fahimta na WAEC da NECO, inda gaggawa ke cinye maki.

Aikin wannan mako: mu samo kan labari ɗaya mai harshen damo, mu kai wa malamin Turanci a warware shi a aji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.