Ba Kowane Littafin Zane Ne Na Yara Ba

'Yan'uwana mata, in kun ga yaro ya duƙufa kan labarin zane-zane a waya, ku leƙa ku gani. Akwai wani mai suna Crossed, wanda Garth Ennis ya rubuta, kamfanin Avatar Press na Amurka ya fara bugawa a 2008, kuma don manya aka yi shi.

Labarin wata annoba ce da ta rushe duniya. Duk wanda ya kamu, sai ƙurji mai siffar gicciye ya fito masa a fuska, tausayi ya fita daga zuciyarsa, ya shiga kisa da fyaɗe yana dariya, alhali wayonsa na nan daram.

Masu karanta shi sun rabu biyu. Wasu sun ce Ennis ya nuna yadda masu lafiyar ma kan ƙeƙashe zuciya in doka ta kau, har su yar da na kusa da su don su tsira. Wasu kuwa sun ce marubutan da suka ɗora a bayansa, a jerin Badlands da ya kai fitowa 100, ƙazanta kawai suka riƙa jibgawa don a saya. Ni dai ina bayan na biyun, domin shafi bayan shafi mace ce ake wulaƙantawa, kuma labarin ba ya gusawa ko taki ɗaya da hakan.